Gidan fasahar zamani da makarantar gwamnati: tambayoyin da aka fi yi kan wannan haɗin gwiwa

Waɗannan tambayoyin na tattaro su ne saboda duk inda aka zauna maganar haɗa makarantar gwamnati da gidan baje kolin fasahar zamani sai sun fito, ko daga bakin malamin zane, ko hedimasta, ko wani uba da aka kawo ma takarda aka ce ya sa hannu za a kai ɗansa kallo. Na koyar da zane na wasu shekaru kafin na koma ɓangaren masu tarbar ɗalibai a gidan baje kolin, to na ga abin ta ciki na gan shi ta waje. Don kar rubutun ya yi tsawo zan riƙa cewa "gidan fasaha" kawai.

Wai menene ma gidan fasahar zamani, ba shi ne gidan tarihi ba?

Ba ɗaya ba ne. Gidan tarihi yana ajiye kayan mutanen da, shi kuwa wannan yawancin abin da ke cikinsa aikin mutanen da ke raye ne ko waɗanda ba su daɗe da rasuwa ba, kuma ba zanen fenti kaɗai ba, akwai hoto, bidiyo, sassaƙa, sauti, wani lokacin ɗaki guda cur shi ne aikin, sai ka shiga ciki ka zagaya. Ga misalan irin waɗannan gidajen: Cibiyar Pompidou da ke Faris an buɗe ta a 1977, Tate Modern ta Landan a 2000 cikin tsohuwar tashar wutar lantarki, Zeitz MOCAA ta Cape Town kuma a 2017 cikin wani tsohon rumbun hatsi na siminti da aka fafe cikinsa.

Abin da ya sa wannan bambancin ya shafi makaranta shi ne mai aikin yana raye, ana iya gayyato shi aji yara su yi masa tambaya ido da ido. Sannan kayan aikin sau da yawa abin da yaro ya sani ne. El Anatsui, ɗan Gana da ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Nsukka, da murafun kwalabe da wayar jan ƙarfe yake saƙa manyan ayyukansa masu kama da zane mai walƙiya, har ya cika babban zauren Tate Modern da su a 2023. Yaron da ya ga wannan ba zai sake cewa rashin fenti mai tsada ne ya hana shi aiki ba.

In aka ce haɗin gwiwa me ake nufi? Ba kai yara ziyara ba ne kawai?

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ziyara rana ɗaya ce, an loda yara a bas, an zagaya da su, an ɗau hoto a ƙofa, an dawo, washegari kowa ya manta sai labarin wanda ya yi amai a mota. Haɗin gwiwa kuwa abu ne mai tsawo, zango guda ko shekara ko fiye, wanda malamin aji da ma'aikacin gidan fasaha suka zauna tare suka tsara tun kafin a fara.

Siffofinsa suna da yawa. Akwai inda ake horar da malamai lokacin hutu, akwai inda ake turo mai fasaha ya riƙa zuwa aji duk sati, akwai ziyara uku ko huɗu a shekara kowace da darasi kafinta da bayanta, akwai kuma inda gidan ke ba da aron ayyuka a rataye a makaranta. Galibi mai kyau yakan haɗa biyu ko uku daga ciki. Ba wai ziyara ɗaya ba ta da amfani ba fa, duba amsar da na bayar kan hujjar bincike a ƙasa, amma dai a kira ta da sunanta.

Yaushe aka fara irin wannan abu?

Ya daɗe. MoMA, babbar cibiyar baje kolin fasahar zamani ta Niyok, ta fara shirin ilimi da makarantun sakandare tun 1937 ƙarƙashin Victor D'Amico, wanda ya riƙe sashen sama da shekara 30. Amma in ka lura da kyau, shirye-shiryen da suka fi shahara lokacin tsuke bakin aljihu aka haife su. A 1970 Natalie Lieberman ta kafa shirin Learning Through Art da ke gidan Guggenheim saboda an cire darasin zane da kiɗa daga makarantun gwamnatin Niyok. A 1977 Agnes Gund ta kafa Studio in a School, shi ma dalilin kenan, birnin ya shiga matsin kuɗi aka zabtare malaman zane. Daga baya dokar ilimi ta Amurka da aka sa wa hannu a 2002, wadda ta ɗora komai kan jarrabawar karatu da lissafi, ta sa makarantu da dama suka rage awannin zane don su samu lokacin shirin jarrabawa. Ko'ina haka abin yake, in kuɗi ya yi ƙaranci malamin zane ne farkon wanda ake kallo.

To ashe gidan fasaha zai iya maye gurbin malamin zane kenan?

A'a, kuma wannan ita ce amsar da na fi so a riƙe cikin duk shafin nan. Mai fasahar da aka turo yana zuwa ne awa ɗaya da rabi a sati in an yi sa'a, bai san wane yaro ne ba ya gani sosai daga bayan aji ba, bai san wacece ke jin kunyar magana sai an kira sunanta ba, bai san me aka koyar bara ba. Malamin aji ne ya san wannan. Ko shirin Guggenheim da na ambata, wanda mai fasaha ke yin sati 20 a makaranta har a ƙarshen shekara a rataye ayyukan yaran a cikin gidan kansa, an gina shi ne kan cewa malamin aji yana nan tsaye ana tsarawa da shi.

Haɗarin da ke ciki shi ne hukumar ilimi ta ga wani ya zo yana yi kyauta sai ta ce to shikenan an huta, ba sai an ɗauki malamin zane ba. Ranar da tallafin gidan ya ƙare kuwa sai makaranta ta wayi gari ba tsuntsu ba tarko. Na taɓa zama a taron da wani jami'i ya faɗi haka ɓaro-ɓaro, wai tunda akwai shirin gidan fasaha a makarantu shida to guraben malaman zane shida za a iya juya su wani wajen. Wallahi ranar na ji kamar mu ne muka yi wa malaman illa da hannunmu. Don haka duk gidan fasahar da ya san abin da yake yi ya kamata ya rubuta a yarjejeniya cewa shirinsa ƙari ne a kan darasin makaranta, ya kuma ƙi shiga inda aka nuna za a fake da shi a kori malami.

Akwai wata hujja cewa yara na ƙaruwa, ko dai surutu ne na masu neman tallafi?

Akwai, kuma wadda aka fi kafa hujja da ita ta fito ne daga jihar Arkansas ta Amurka. Da aka buɗe gidan Crystal Bridges a 2011 makarantun da suka nemi zuwa sun fi ƙarfin gurbin da ake da shi, sai aka yi ƙuri'a, wasu ajujuwa suka je wasu aka ɗage musu. Wannan ya ba Jay Greene da abokan aikinsa na Jami'ar Arkansas damar kwatanta yara kusan 11,000 daga makarantu 123 ba tare da an ce ai dama masu ƙoƙarin aka zaɓa ba. Ziyarar ma ta kamar awa ɗaya ce. Bayan wasu makonni aka nuna wa duka yaran wani zanen da ba su taɓa gani ba aka ce su yi rubutu a kai, waɗanda suka je sun fi lura da ƙananan abubuwa da kawo dalili, sun kuma fi nuna fahimtar rayuwar mutanen wani zamani da haƙuri da ra'ayin da ba nasu ba. Wani abin sha'awa, ƙaruwar ta fi yawa sosai ga yaran karkara da na makarantun marasa galihu, wato waɗanda ba don makaranta ba ƙila har su girma ba su taka irin wurin ba. An kuma raba wa duka yaran takardar shiga wani baje koli kyauta, waɗanda suka je da makaranta sun fi komawa da iyayensu da kashi 18 cikin 100.

Amma kar a ƙara gishiri. Wannan binciken bai ce makin lissafi zai tashi ba, kuma duk wanda ya zo ya yi wa hedimasta alƙawarin cewa kallon zane zai gyara sakamakon jarrabawar ƙarshe to ya yi taka-tsantsan da shi. Ribar da aka gani ita ce yaro ya iya kallo da kyau, ya faɗi abin da ya gani, ya kawo hujja. Ni a wajena wannan kaɗai ya isa dalili.

Ni malami ne amma gaskiya ban gane kan fasahar zamani ba, ya zan tsaya gaban yara?

Malam kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba a buƙatar ka haddace tarihin kowane mai zane. Akwai wata hanyar koyar da kallon hoto ta yin tambayoyi da ake kira VTS a taƙaice, Philip Yenawine wanda ya shugabanci sashen ilimi na MoMA daga 1983 zuwa 1993 shi da wata masaniyar halayyar koyo Abigail Housen suka fito da ita, bayan sun gano cewa mutane na sauraren bayanin masana da sha'awa amma suna fita ƙofa sun manta kusan komai. Tambaya uku ce kacal: me ke faruwa a wannan hoton, me ka gani da ya sa ka ce haka, me kuma za mu iya ƙara ganowa. Aikinka shi ne ka nuna wurin da yaro ke magana a kai da yatsa, ka maimaita abin da ya ce da kalmomi masu tsabta, ka haɗa maganarsa da ta wanda ya gabace shi, ba ka ce daidai ba ka ce kuskure.

Bari in ba da misali. Na taɓa zaunar da 'yan aji huɗu a ƙasa gaban wani aiki da aka yi da tsofaffin takalma an jera su layi-layi duk suna fuskantar bango. Minti guda shiru, sai wani ya ce mutane ne suka gudu. Na ce me ka gani da ya sa ka ce sun gudu? Ya ce ai ba wanda ke barin takalminsa da igiya a ɗaure sai in sauri yake. Ni kaina da na yi wata uku ina wucewa ta gaban aikin ban taɓa lura igiyoyin a ɗaure suke ba. Wata yarinya ta ce a'a ba gudu suka yi ba, da gudu ne da ba su jeru haka ba, wani ne ya zo daga baya ya jera su. Sai gardama ta kaure, kowa na nuna abin da ya gani, malamarsu na gefe ta riƙe baki don wai yarinyar nan tun farkon zango ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba. Mun yi minti 20 a kan aiki ɗaya.

Inda nake da ja da masu bin hanyar sau da ƙafa shi ne ba sa son a ba yara bayani ko kaɗan. Ni ina ganin bayan sun gama nasu, in suka tambaya wa ya yi kuma me ya sa, a gaya musu. Ɓoye amsa ga wanda ya nema ba koyarwa ba ce.

In yaro ya ce "wannan ai ni ma zan iya" ko "wannan ma fasaha ce?" me zan ce masa?

Ka ji daɗi, don darasi ya zo har gida. Kar ka tsawatar masa kar kuma ka yi ƙaryar cewa kai ka gane. Ayabar nan da mai fasaha Maurizio Cattelan ya manna a bango da salatif a 2019, wadda aka sayar dala miliyan 6.2 a 2024, manya ma har yau gardama suke a kai, wasu na ganin raini ne wasu na ganin tsokanar kasuwar fasaha ce da gangan. Ka tambayi yaron, to in kai za ka yi me za ka manna, a ina, kuma me kake so wanda ya gani ya ji? In ya fara ba da amsa ya riga ya shiga aikin. Kuma yana da 'yancin ya ce bai burge shi ba, sharaɗin kawai ya faɗi dalili.

Wa ke biyan kuɗin duk wannan?

Kuɗin shiga shi ne mafi sauƙi, gidaje da yawa ba sa karɓar komai daga ɗaliban makaranta. Manyan gidajen ƙasa na Birtaniya kyauta ne tun 2001, Zeitz MOCAA ma 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa biya. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke hana makarantar gwamnati zuwa shi ne motar da za ta kwashi yara, da wanda zai riƙe sauran ajujuwan malamin ranar da ya fita, sai kayan aikin da za a yi amfani da su in an dawo. Shi ya sa Crystal Bridges suka ɗauki nauyin bas da abincin rana har da kuɗin malamin wucin gadi, ba don haka ba da makarantun karkarar da aka ce sun fi ƙaruwa ba su ma zo ba.

Kuɗin kan fito daga gidauniyoyi, kamfanoni, ko gwamnati kai tsaye. A Nowe tun 2001 akwai shirin ƙasa da ke kai fasaha da kiɗa da wasan kwaikwayo ga kowane ɗalibi, kuma yawancin kuɗinsa daga ribar cacar gwamnati ake cirewa. Shawarata dai kar a ɗora wa iyaye, don da zarar an ce kowa ya kawo kuɗin mota to yaran da aka fi so su je su ne za su zauna a gida. In kamfani ne ya biya a duba sharaɗinsa da kyau, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wasu so suke a yi ta ɗaukar yara hoto da tambarinsu a ƙirji.

Makarantarmu tana da nisa da duk wani gidan fasaha, mu shikenan ba mu da rabo?

Da rabonku, sai dai abin ya juya, gidan ne zai zo. Faransa ta yi nisa a wannan, tun 1982 ta kafa asusun sayen ayyukan zamani a kowane yanki, ana kiransu FRAC, kuma tun asali an yi su ne don ayyukan su riƙa yawo, har cikin makarantu ake rataye su. Akwai kuma MuMo, gidan fasaha a cikin babbar mota wanda Ingrid Brochard ta fara a 2011, ya zagaya ƙauyukan Faransa ya je har Kamaru. A arewacin Gana kuma Ibrahim Mahama, mai lulluɓe gine-gine da tsofaffin buhunan koko, ya buɗe cibiyarsa a Tamale a 2019 maimakon babban birni, ya sayo tsofaffin jiragen sama ya mai da su ajin yara.

In duk babu wannan, hoto mai kyau a majigi ko ma a buga shi babba a takarda ya wadatar a yi tambayoyi ukun nan da na faɗa a sama. Gani da ido ya fi, girman aiki da kaurin fenti ba sa fitowa a allon waya, amma da babu gara ba daɗi.

Ya za a haɗa shi da manhajar karatu kar a ce ɓata lokaci ne?

A fara daga abin da malami zai koyar a zangon, sannan a nemo aikin da ya dace, kar a yi akasin haka. In darasin kan muhalli da shara ne ga El Anatsui, in kan ƙaura da gudun hijira ne ayyuka sun yi yawa, in kan siffofi da awo ne akwai masu zanen layi da murabba'i zalla. Wata malama 'yar Burazil, Ana Mae Barbosa, wadda ta shugabanci gidan fasahar zamani na Jami'ar Sao Paulo daga 1987 zuwa 1993, ta tsara abin kamar murhu mai duwatsu uku: yaro ya kalli aiki ya karanta shi, ya san yanayi da zamanin da aka yi shi, sannan shi ma ya yi nasa da hannunsa. Ka cire dutse ɗaya tukunya ta kife. Wanda aka fi mantawa shi ne na ukun, a je a yi kallo a dawo ba a taɓa almakashi ko gam ba. Kuma "ya yi nasa" ba yana nufin yara 40 su kwafi abu ɗaya ba, dabarar za su ɗauka su yi maganar kansu da ita.

Wane aji ya fi dacewa a fara da shi?

'Yan shekara 8 zuwa 10 sun fi sauƙi, sun iya magana kuma kunya ba ta kama su ba tukun. Matasan sakandare sai an canza salo, ba sa son a jera su a zagaya da su, so suke a ba su aiki na gaske. Walker Art Center da ke Minneapolis tun 1996 take da majalisar matasa da ke shirya nasu taruka da baje koli, gidaje da yawa sun kwaikwaya.

Idan akwai tsiraici ko abin da ya taɓa addini ko siyasa fa?

Wannan tambayar iyaye ce kuma tana kan hanya, fasahar zamani takan taɓo abubuwan da ba kowane gida ke so yaro ya gani ba. Maganin ɗaya ne, malami ya je da kansa kafin ranar, ya bi hanyar da yaran za su bi tun daga ƙofa har banɗaki, don wani lokacin aikin da aka zaɓa lafiya lau ne amma sai an ratsa ta wani ɗakin kafin a kai gare shi. Zuwa da kai ya fi aike. Gidajen da suka saba da makarantu suna da hanyoyi daban-daban kuma ba sa jin haushi in ka ce a kauce wa ɗaki kaza.

Takardar izinin iyaye kuma ta faɗi gaskiyar abin da za a gani, kar a rubuta "ziyarar ilimi" kawai a wuce. A 2006 wata malamar zane a Texas ta rasa aikinta bayan ta kai 'yan aji biyar gidan fasaha na Dallas wani daga cikin iyaye ya yi ƙorafin ɗansa ya ga tsiraici, ko da yake hukumar makarantar ta ce wasu dalilai ne daban. Ko ma mene ne, malami shi ne a tsakiya in rigima ta tashi, saboda haka hedimasta ya sa hannu a kan jerin ayyukan da za a kalla, a ajiye kwafi.

In yaro ya taɓa aiki ya lalata, wa zai biya?

Yana faruwa amma ba kamar yadda ake tsoro ba. A 2006 wani yaro ɗan shekara 12 da ya je da makarantarsu gidan fasaha na Detroit ya manna cingam a jikin wani zanen Helen Frankenthaler da aka ƙiyasta kan dala miliyan 1.5, ya bar tabo, masu gyara suka cire shi, makaranta ta dakatar da yaron na wani lokaci. Ayyukan galibi suna da inshora, amma a tambaya a rubuta a yarjejeniya, musamman in aro za a kawo makaranta. Dabarun kariya kuwa ƙanana ne: a ajiye jaka da ruwa a ƙofa, fensir kawai ban da biro, rukuni kar ya wuce yara 12 zuwa 15 da babba ɗaya, sannan a zaunar da su a ƙasa, yaron da ke zaune hannunsa ba ya kaiwa bango. Kuma a gaya musu dalilin hanin, cewa maiƙon yatsa na cin fenti a hankali, sun fi kiyayewa in sun san dalili.

Shi gidan fasahar me yake samu, ko tsabar alheri ne?

Ba alheri zalla ba ne, kuma ba laifi. Masu ba da tallafi suna tambayar yara nawa aka kai wa, sannan yaran yau su ne masu zuwa gobe. Gidan fasahar ƙarni na 21 da ke Kanazawa a Japan, wanda aka buɗe a 2004, duk shekara yana gayyatar dukkan 'yan aji huɗu na firamaren birnin, yana kuma ba su tikitin sake dawowa, sai ga yaro ya jawo iyayensa da ba su taɓa tunanin shiga ba. A Landan kuma a 2019 mai fasaha Steve McQueen ya sa aka ɗauki hoton aji na yara sama da 76,000 'yan shekara 7 zuwa 8 aka cika bangon Tate Britain da su, ajujuwa suka riƙa zuwa neman fuskarsu a bango. Inda matsala take shi ne in gidan ya koma ƙirga kawuna kawai, bas goma a rana, kowane rukuni minti 30, an cika rahoto an burge mai tallafi, yara ba su tsaya gaban komai ba. In kun ga haka ku koma amsa ta biyu kan bambancin ziyara da haɗin gwiwa.

Muna so mu fara, ta ina za mu kama?

Ku nemi sashen ilimi na gidan, ba ofishin darakta ba, ku tafi da buƙata takamaimai, misali aji biyar, yara kaza, zango na biyu, darasi kaza. Ku fara da aji ɗaya ko biyu. A rubuta takarda ko shafi ɗaya ce: wa zai biya mota, ranaku nawa, wa ke kawo kayan aiki, wa ke da izinin ɗaukar yara hoto da inda za a sa hoton, ina ayyukan yaran za su ƙare, da ranar da za a zauna a duba ko abin ya yi. A ɗauko kalandar makaranta tun ranar farko, don gidajen fasaha kan tsara baje kolinsu shekara biyu gaba ba ruwansu da satin jarrabawa. A ambaci yara masu buƙata ta musamman tun wuri, mai keken guragu, kurma, wanda ƙara ko hasken bidiyo ke tayar wa hankali. Sannan a ba malami lokacin shiri a cikin awannin aikinsa, a Faransa har ware wa wasu malamai awanni ake yi su zauna a gidan fasaha su zama gada tsakanin ɓangarorin biyu.

Me ya fi kashe irin wannan shiri bayan an fara da kyau?

Ƙarewar tallafi na kashewa, canjin hedimasta na kashewa, amma wanda na fi gani shi ne a rataya komai a wuyan mutum ɗaya. Akwai makarantar da muka yi shekara uku muna aiki da ita lafiya lau, ashe duk abin malama ɗaya ce ke riƙe da shi, ita ke da lambar direban bas, ita ke bin iyaye su sa hannu, ita ta san inda aka ajiye kwalin kayan aiki. Aka yi mata canjin wurin aiki a tsakiyar zango, na kira makarantar sau huɗu ba wanda ya san da maganar, ranar ziyara muka shimfiɗa tabarmin zama muka fere fensira 35 muka yi ta jira har azahar. Tun daga lokacin ba na yarda a fara sai da malamai biyu aƙalla daga kowace makaranta, da sunan shirin a cikin jadawalin zango wanda hedimasta ya sa wa hannu, da fayil guda a ofis mai ɗauke da lambobin waya da kwafin yarjejeniya da takardar izinin iyaye wadda za a iya sake bugawa. Kwalin kayan aikin waccan makarantar kuwa sai bayan shekara guda aka gano shi a bayan kabad ɗin ɗakin malamai, fentin duk ya bushe.